Amanar Jar Mota

Na yi shekara goma sha ɗaya ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Zariya kafin na zo nan birnin Greensboro a ƙasar waje, saboda haka ina da hujjar ɗaukar kaina mutum mai gane abubuwa. Wata jar mota 'yar Japan ce ta raba ni da wannan zato cikin mako huɗu, a tsakiyar shekarun dubu biyu, lokacin da aikin Hajji yake faɗowa cikin hunturu.

Motar ta wani Alhaji ce mutumin Damagaram, wanda sana'arsa sayen motoci a gwanjo ya loda su a jirgin ruwa zuwa Kwatano. Shi ya tarbe ni ranar da na sauka, a falonsa na yi wata biyu, shi ya samo mini aikin farko. Abin da nake iya saka masa da shi kawai karanta takardu da amsa wayar Turawa. Wannan motar kuwa zuciya ce ta saya masa ita: wani ya ja da shi a gwanjo, ya ƙi sauke hannu. Sai da aka kawo ta ya tsaya ya dube ta da kyau. Kujera biyu gare ta, kuma cikinta dab da ƙasa kamar ƙadangare.

“Malam, wannan ko Dosso ba ta kaiwa,” in ji shi. “Ramin farko za ta bar cikinta a hanya. Kuma ina za a sa iyali? Bon. Ga lakile, makullinta ke nan. Ni na tafi Makka. Ka kula da ita, ka samo mata mai saye. Amana ce.”

Na karɓi makullin da hannu biyu. Tunda muka haɗu bai taɓa ba ni ajiyar abin da ya wuce ambulan ba, kuma na ƙudura a raina zai dawo ya tarar na fi ƙarfin ambulan.

Washegari na fito duba mai, kamar yadda duk mai hankali yake yi. Na buɗe bonet, ban ga inji ba. Safayar taya ce a zaune a wurin, ita da wasu 'yan tarkace. Na rufe, na yi salati, na sake buɗewa. Na zagaya baya na buɗe but, nan ma wayam. Na fara tsara yadda zan gaya wa mutumin da yake kan hanyar ɗakin Allah cewa an sace masa inji a ƙofar gidana, sai maiɗakina ta leƙo ta taga.

“Malam, ba jiya ka tuƙo ta ba? Da me ta zo?”

Tambaya ce ta kimiyya, kuma ba ni na yi ta ba. Injin yana tsakiya, bayan kujerar direba, ƙarƙashin gilas, kamar abin da aka ajiye don baƙi su gani.

Mu a wurinmu kula da mota yana da ƙa'idoji, kuma na bi su ɗaya bayan ɗaya. Mota ba a barinta a tsaye, sai ta yi tsami. Don haka kullum da safe na ɗumama ta, na tafi aiki da ita, na dawo. Ranar Juma'a na kai ta masallaci, Asabar na miƙe babbar hanya don injin ya buɗe. Ban taɓa hawa abu irinta ba. Ko sanyi ya daskarar da komai, murɗa ɗaya take tashi, kuma a kwana sai ka ji kamar ta riga ka sanin inda za ka.

Ƙa'ida ta biyu, ba a kai mota kasuwa da tsufanta a fili. Rediyonta mai kaset ne, na sa aka cire, aka sa sabo mai faifai da fitilu shuɗɗa. Tsohon na ba limaminmu, wanda yake da kwali guda na kaset ɗin wa'azi ba abin saurare. Shimfiɗun ƙafa sun ɗan koɗe, na sayo sababbi na roba, maiɗakina ta ɗauki tsofaffin ta ajiye a bakin ƙofa don goge takalmi. Na sa wa kujerun riga mai zanen damisa, na naɗe sitiyarin. Akwai wata jakar fata cike da tsofaffin takardun gareji, na kwashe su na zuba a kwalin da muke tara jaridu, jakar kuma ta zama gidan katunan asibitin yara.

Saura wani ɗan ƙarce a ƙofar direba. Na kai ta wurin wani mai gyaran jikin mota, mutumin Kumasi, na ce ya buga wurin, in ya so ya yi mata sabon fenti gaba ɗaya. Ya ɗauko maganaɗisu ya manna a ƙofar. Ya faɗi ƙasa. Ya manna a bonet, ya sake faɗuwa.

“Malam ticha, wannan ba ƙarfe ba ne. Alminiyam ne, irin na tukunya, tun daga hanci har wutsiya. Ɗauki abarka. Ban taɓa ta, ko kai ma da ka bar taɓa ta.”

Na tafi ina cewa a raina lalaci ne.

A mako na uku wani Bature, dattijo, injiniya mai ritaya, ya buga waya a kan motar daga Pleasant Garden, wani ɗan gari kusa da mu. Ya ce ya san motar, ta wani likita ce a unguwar Irving Park wanda ya rasu, shekara da shekaru yana bibiyarta, ranar gwanjon yana kwance a asibiti. Na wanke ta, na fesa mata turare, na jira shi da alfahari.

Ya zagaya ta sau biyu. Ya leƙa ciki, ya ga damisa, ya dafa rufin. Sannan ya dubi lambobin da suke ƙirga tafiya, ya faɗi adadin da ya sani da ka, ya kuma faɗi wanda yake gani.

“Wa ya tuƙa ta?”

“Ni,” na ce. “Kullum. Ban yi fashin ko rana ɗaya ba.”

Ya dube ni yadda nake duban ɗalibin da ya sha ruwan gwaji a ɗakin kimiyya. Sai ya zauna a kan dakalin gidana cikin sanyin nan ya yi mini darasi. Kafin wannan motar, in ji shi, motocin gudu na Turai kyau gare su amma ba hali: su yi zafi, su ƙi tashi, direba ya sauko da ciwon baya. Japanawa suka ce sam, suka ƙera wadda za ta yi gudun tsere kuma ta kai ka kanti ta dawo da kai. Suka yi jikinta da alminiyam don nauyi ya ragu, suka sa injin a tsakiya don ta daidaita, ƙwararrun ma'aikata suka harhaɗa ta da hannu. Dole Turai ta koma ta gyara nata.

“Wato darajarta,” na ce, “ita ce ana iya hawanta kullum ba ta lalacewa.”

“Haka ne.”

“Shi ya sa bai kamata a hau ta ba.”

“Haka ne,” ya ce, har da jin daɗin na gane.

Ban gane ba. Amma na gane cewa ya ce ba zai saya ba sai an dawo da komai yadda ya fito daga masana'anta, kuma Alhaji saura kwana takwas ya sauka.

Shimfiɗun ƙafa na janye daga ƙarƙashin takalman yara. Jakar na zazzage. Takardun na same su a kwalin jaridu, ban da 'yan kaɗan da maiɗakina ta shimfiɗa ta tsane ƙosai a kansu. Rediyon ne ya ba ni wuya, domin karɓe kyauta daga hannun liman ba ƙaramin abu ba ne. Na je da sabon rediyon a leda, na yi gaisuwa mai tsawo, na yi bayani.

“To, Malam,” in ji liman, “sabon ya fi tsohon?”

“Ya fi shi, Allah gafarta Malam.”

“Amma tsohon ake nema.”

“Shi ake nema.”

“Mai neman nan, lafiyarsa ƙalau?”

Ya ba ni, da kaset ɗaya maƙale a ciki da ya ƙi fita. Baturen ya karɓi rediyon kamar jariri. Takardun da mai ya taɓa ma ya sa kowacce a leda. Da na nuna masa ƙarcen ƙofa ina ba da haƙuri cewa mai gyara ya ƙi yi mata fenti, sai ya nemi lambar mutumin don ya yi masa godiya. Tafiyar da na ƙara mata ce ba ta da magani. Ya saya, amma ya rage abin da ya yi niyya, kuma ya faɗa mini dalili ba ɓoye-ɓoye.

Da Alhaji ya dawo na je gaishe shi, na faɗi komai kafin ya gama miƙo mini dabino. Ya shafa gemu.

“Ka ɗumama ta kullum?”

“Kullum, Alhaji.”

“Ka sa mata rigar kujera?”

“Na sa.”

“To mene ne laifin? Tashi mu je in ga mutumin nan.”

Muka tarar da ita a wani babban ɗaki bayan gidan Baturen, mai na'urar daidaita sanyi da zafi, cikin wasu motoci biyar. An ɗaga ta a kan ƙafafun ƙarfe don kada tayoyin su gaji, an lulluɓe ta da farin ƙyalle. Baturen ya yaye mana gefen fuskarta kaɗan, ya mayar. Alhaji ya cire hula.

“Allah ya jiƙan ta,” ya ce a hankali. “Gara ma da ka zaga da ita, Malam. Ta ga duniya kafin ta kwanta.”

A hanya ya zaro wani makulli ya ajiye mini a cinya, na wata tsohuwar mota da zai bari a wurina kafin jirgin ruwa ya zo. Na tambaye shi in ɗumama ta ko in bar ta.

“Wallahi, Malam, yanzu ni ma ban sani ba. Ka fara manna mata maganaɗisu tukuna.”