Ɗanyar Tukunya a Tsakiyar Wuta

Duk sanda ƙanshin gasasshiyar doya ya bugi hancina a Wuse, kewar Kaka Saratu ke kama ni har in rasa abin da ya fito da ni. Maginiyar tukwane ce a ƙauyenmu da ke bayan Kwali. Da an ci tuwon yamma sai mu jikoki mu kewaye murhunta, ta tura doya cikin garwashi, ta ce, "Ga ta nan, ku matso kafin ta huce."

A shekarar da rumbun doyar maƙwabcinmu Baba Yohanna ya ƙone ƙurmus, aka rasa wanda ya sa wutar, Kaka ta kafe a kan tatsuniya ɗaya.

Wai matan wani gari wuta guda suke haɗawa su gasa tukwanensu. Kafin a kunna, sai a tambaya ko akwai wadda tata ba ta gama bushewa ba. Wadda ta faɗa, a ajiye mata gefe sai wani zagaye. Wata ta ji kunyar a ce ta yi lalaci, ta shafa wa ɗanyar tukunyarta toka, ta cusa ta tsakiya. Wuta na kamawa tukunyar ta yi bindiga, ta farfasa na kusa da ita, har da na uwarta.

"Haba Kaka, wannan kuma?" in ji ni. "Jiya ma fa ita ce!"

"Rufe mini baki, sarkin surutu. Da ta ce ɗanya ce, wa zai yar mata? Haka Yesu yake. Wanda ya zo ya ce ni ne, ba ya korarsa."

Ba mu take kallo ba in ta zo nan. Idonta na kan autanta, Kawu Bitrus, da ke can gefe yana ta gyaran ƙotar fartanyar da lafiyarta ƙalau. Kafin damina ya tattara ya shiga Abuja tuƙin tasi. Ko Kirsimeti ba ya zuwa. Ita kuwa kullum sai ta gasa doyar mutum ɗaya fiye da masu ci.

Ranar da muka binne ta ya dawo, kansa duk furfura, ni ma har na yi iyali. Ya ce in raka shi gidan Baba Yohanna. Yana shiga ya zube ƙasa.

"Baba, ni ne. Gafiya nake farauta, iska ta ƙwace mini wutar."

Tsohon ya kamo hannunsa. "Bitrus, ai na gan ka ranar. Ni da mamarka muka ce kada mu tona ka, mu bari ka faɗa da bakinka. Tun toka ba ta huce ba na yafe. Ita ce dai ta yi ta jira."

Ban taɓa jin babban mutum ya yi irin wannan kukan ba.

Dā na ɗauka tatsuniyar tsoratarwa ce, wai asiri zai tonu. Ashe roƙo take yi. Yafiyar tana nan ajiye shekara da shekaru, kalma biyu kawai ake nema a bakinsa. Wallahi ina kewarta. Da za ta dawo ta sake mana tatsuniyar nan, ba zan ce jiya ma ita ce ba. Zan tashi in kamo hannun Kawu, in kawo shi kusa da wuta, ya ci doyarsa da zafinta.