Kalla da Tsohuwar Kwamfutarsa

A layin masu ɗinki na unguwar Adjamé babu wanda bai san Kalla mai aikin wuyan riga ba, haka ma kwamfutarsa da ake wa laƙabi da Tsohuwa. Shekararta goma sha biyar a kan teburin nan, kullum a lulluɓe da zanen atamfa. A cikinta aka girka manhajar da ke tuƙa keken aikin zare, kuma a cikinta yake ajiye abin da ya fi ƙauna a duniya: zane-zanen wuyan riga guda sittin da marigayi mahaifinsa ya zana da hannu a Maraɗi. Takardun asali gara ta daɗe da cinye su, sai kwafin da ke cikin Tsohuwa kaɗai ya rage.

'Yarsa Iklima, wadda ta karanci kwamfuta, ta yi ta fama da shi ya koma irin manhajar da ake buɗewa ta intanet.

"Papa, ko a waya ma sai ka buɗe. C'est simple, abu ne mai sauƙi!"

"Abin da ba ya cikin shagona ba nawa ba ne," in ji shi. "In rezon intanet ya tafi fa?"

Ai kuwa wata rana cikin azumi intanet ya ɗauke a duk gari. Maƙwabtansa masu manhajar intanet suka yi zaune suna kallon allo, shi ko kekensa na ta sukuwa. Har daga unguwar Treichville aka riƙa kawo masa riguna. Kalla fa ya samu abin faɗa! Wata uku yana ba da labarin nan, har direbobin tasin woro-woro sun haddace shi.

Sai damina ta zo. Wata safiya ya buɗe shago ya tarar rufi ya yi yoyo daidai kan teburin. Ya danna, ya sake dannawa, Tsohuwa ko tari ba ta yi ba. Mai gyara ya duba ya girgiza kai. Kalla ya zauna bakin ƙofa, zuciyarsa ta karye kamar ranar da aka yi masa rasuwar uban.

Nan Iklima ta same shi. Ta durƙusa ta miƙa masa wayarta.

"Papa, ka yafe mini. Duk Juma'a in ka tafi masallaci, nakan kwafi biyar-biyar in ɗora a shafin intanet da na haɗa. Duba."

Ya duba. Ga su nan, sittin cif, har da wanda hannun tsohon ya ɗan karkace wajen lanƙwasa. Ya ƙirga sau biyu yana dariya, hawaye na sauka cikin gemunsa.

"Ke ɓarauniya! Allah ya yi miki albarka."

Bai sauya hali ba, kada ma a yi masa ƙarya. Ya sayi wata kwamfutar, ya sa an girka masa tsohuwar manhajarsa, ya kuma lulluɓe ta da atamfa. Amma yanzu duk Juma'a, in ya saɓa babbar rigarsa zai tafi masallaci, sai ya ajiye makullin shago a tafin Iklima.

"Akwai sabo guda da na zana jiya," yakan ce. "Ki ɗora shi kusa da na kakanki."