Kahak ɗin Damyana

Duk lungunsu a unguwar Shubra babu mai hannun Damyana wajen kahak, cincin ɗin salla mai garin sukari. Kirista ce Bakibɗiya, ana kiranta Ummu Bishoi, gajera, mai dariyar da ake ji tun daga bakin titi. Mai wanki ya ci kahak ɗinta, ɗan sanda ya ci, limamin unguwa ma ya aiko a ƙara masa. Mutum ɗaya ce ta gagare ta: Hajiya Ihsan, wadda ƙofarta ke kallon tata.

Kowace salla Damyana sai ta kai mata faranti. Hajiya ta karɓa da yatsa biyu, ta yi godiya, ta zuba wa kaji a soro, don an ce mata Kirista da man alade suke girki. Damyana tana gani daga wajen shanya, abin kuma yana ci mata rai ƙwarai.

Wata rana sai ga masu shirya fim sun cika lungun da wayoyi, wai labarin maƙwabtaka suke yi, suna neman tsofaffi biyu. Hajiya da son a gan ta a talabijin, tuni ta rambaɗa kwalli. Ba ta san aikin ba sai da aka tsayar da ita gaban Damyana da farantinta.

Darakta ya ce, "Hajiya, ki yamutsa fuska, ki yi jim, sannan ki gutsura."

Ta yamutsa, ta yi bismilla uku, ta gutsura. Sai idanu suka buɗe.

"Ummu Bishoi, wannan ai man shanu ne!"

"Da fa? Man inji?"

"A sake!" in ji darakta.

Aka sake. Kafin Damyana ta miƙo, Hajiya ta cafke. Aka sake, ta ɗebi biyu. A ɗauka ta bakwai sukari ya yi mata gemu, mai kyamara ya durƙushe don dariya, Damyana kuwa daɗi ya kwashe ta har ta rangaɗa guɗa ta ɓata musu sauti.

Darakta ya dafe kai. "Hajiya, don girman Allah, ƙyama nake so! Ki ɗan yi ƙyama mana!"

Hajiya ta haɗiye, ta dubi Damyana, kunya ta kama ta.

"Ɗana, shekara talatin ina yi, na gaji. Nemi wata," ta ce. Ta riƙo hannun Damyana. "Taho ciki, ni zan dafa shayi."