Dutsen da muka tokare kamiyo da shi a Madarunfa

Jama'a, ni ba mai yawan magana ba ne, kuma wallahi abin da zan ba ku ya faru da ni, tun zamanin Faransa, ina ɗan lakkol, wato ɗan makarantar boko. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Na zo hutu gida Madarunfa a tsakiyar sanyi, lokacin sayen gyaɗa. Ranar Litinin da hantsi motar da ke kwasar ɗalibai zuwa Yamai za ta tashi daga Maraɗi, kuma an gaya mana wanda bai shiga ba an soke sunansa. Kawuna ya roƙi wani direba, Ɗan Tanin, mai kamiyo, babbar motar ɗaukar gyaɗa, ya tafi da ni da sassafe.

Ranar Lahadi da la'asar ina tsaye ya ajiye motar a gangare kusa da tafki. Birkinta ba ya riƙewa, sai ya je gindin wata tsamiya ya ɗauko dutse ya tokare taya. Na ga dutsen sumul, da busasshen jini da gashin kaza a jikinsa, na kuma san wurin na anna ne, masu bin addinin kakanni, can suke yanka. Na buɗe baki, kunya ta hana ni. Wannan shirun nawa shi ya fi ci mini rai.

Da gari ya waye sanyi kamar ya tsaga ƙashi. Ɗan Tanin ya sa manibel, ƙarfen da ake juya inji da shi, ya juya, ya juya, mota ta yi tari ta yi shiru. Ya kunna fitila, ta kama, ya ce to ba batir ba ne. Ya zaro ma'aunin mai, man ya daskare kamar man kaɗe, sai ya sa aka kawo garwashi a kasko ya tura ƙarƙashin inji. Ya buɗe karbireta ya busa, ya zubar da ɗan ruwan da ya taru. Duk daidai ya yi, ba zan zalunce shi ba, don na karanta hakan a wani littafi. Amma mota ta ƙi.

Na ce, "Baba, in za ta daɗe, bari in kama hanya da ƙafa."

Ya ce, "Kai ɗan lakkol, zauna! Yanzu-yanzu za ta tashi. Ko alli za ka shafa mata?"

Mutane suka yi dariya, na zauna. Da na tafi a lokacin, da na isa.

Rana ta ɗaga. Ya kwance buji, wato fulogin inji, duka shida, ya ce sanyi ya jiƙa su, ya jera a kan garwashi su bushe. Ni na ƙidaya su da idona, shida. Ina zaune kan akwatina a bayan mota sai na ga tsoho tsugune gefen taya, daga shi sai warki, ba ya ko rawar ɗari, kuma kowa bakinsa na hayaƙi ban da nasa. Ban ji zuwansa ba.

Na ce, "Ina kwana, kaka?"

Ya ce, "Wane kwana? Kun ɗauke mini matashin kai. Jikana, kai ka gani, ka yi shiru."

Na juya in kira direba, na waiwayo, ba kowa. Subhanallahi! Na je na gaya wa Ɗan Tanin. Ya ce karatun nasara ya taɓa mini kai, shi Musulmi ne, dutse ba ya hana mota tashi. Na roƙe shi ya mayar da dutsen har sau uku, yana zagi yana goge hannu. A na huɗu ban san sanda na daka masa tsawa ba, ni da ban taɓa ɗaga wa babba murya ba. Na jawo wani kututture na cusa ƙarƙashin taya, na zare dutsen.

Dutsen nan ɗumi gare shi, irin na shimfiɗar da aka tashi daga kai yanzu. Na kai shi gindin tsamiya na sa a raminsa. Hannuna bai bar shi ba sai na ji inji ya yi ruri a bayana.

Na rantse da Allah ba wanda ya taɓa manibel. Ɗan Tanin na tsaye nesa, baki buɗe, buji shida na kan garwashi, inji kuwa yana aiki sumul. Ya yi kamar tsawon karanta Fatiha, ya mutu da kansa. Direba ya mayar da buji yana ƙona yatsu, juyi ɗaya ta tashi.

Mun isa Maraɗi bayan azahar. Motar Yamai ta daɗe da tafiya. Na roƙi Ɗan Tanin ya zo ya shaida wa mushe, malamin da ke riƙe da sunayen ɗalibai, cewa ba laifina ba ne, ya ce shi bai ga komai ba, mota ta yi sanyi ya gyara, kuma ban zo da wuri ba. A gabana ya faɗa, ko ido bai ƙifta ba. Aka soke sunana, karatuna ya ƙare a nan, na koma rubuta wa mutane wasiƙa a bakin kasuwa.

Na tambayi dattawan anna game da tsohon. Ɗaya ya dube ni ya ce, "Ya kira ka jikansa?" Na ce i. Ya tashi ya shige gida, bai ƙara yi mini magana ba har ya mutu.

Direbobi, in mota ta ƙi tashi da sanyi, ku duba batir da mai da buji. Amma ku riƙa yawo da katakonku na tokara, kar ku ɗauki dutsen da ba ku san mai shi ba. Kai kuma mai kunya, in ka ga abu ka faɗa tun da wuri, ko za a yi maka dariya.