Tabarmar da na naɗe

Shekarun baya, lokacin maigidana na Abijan wajen bida, wato neman kuɗi, ni kaɗai nake cikin gidanmu na Madawa, sai akuya da rediyo. Sana'ata ɗaya, gabu, ganyen albasar nan da ake kirɓawa a shanya. Ina da tabarma ƙarƙashin rumfa. Mace ta zo sayen gabu, ta zauna, hira ta kai mu har kiran azahar, miyarta na jira. Ba na son fita, to duniya ce ke zuwa ta tarar da ni.

Ƙanena da ke karatu a Yamai ya samo littattafan kasuwanci na Faransanci. Ni da na bar lakwal, wato makarantar boko, tun aji uku, sai ya riƙa karanta mini yana fassarawa, yana turo muryarsa ta waya. Kunnena kuwa ba ya zubar da magana. Na haddace har tarin da yake yi tsakanin babi da babi.

"Yaya," in ji shi, "littafin ya ce a yawaita kaya. Kuma kiliyan, mai saye ke nan, ya saya ya wuce. Zama ɓata lokaci ne."

Na bi. Na sa tebur a bakin zaure, na jera magi, sabulu, taliya, ashana, har da jan farce. Na naɗe tabarma na jingine bayan randa. Ku gan ni tsaye kamar mai jiran mota, wai ni 'yar kasuwar zamani.

Mata suka ci gaba da zuwa, ba su yi fushi ba. Su saya, su ce "sai an jima", su tafi, don babu wurin zama. Ciniki bai mutu ba, gidan ne ya yi shiru. Na san takun kowace. Ina jin silifa mai jan ƙasa ta maƙwabciyata ta doso, kafin in gama gaisuwa takun ya yi nisa. Wata rana na tsinci kaina ina ba akuya labarin bikin da ban je ba.

Tsohuwar nan maƙwabciyata ce ta kasa haƙuri. Ta tsaya ta dafa tebur.

"Ke ɗiyata, wanga gida rasuwa aka yi ba a gaya muna ba?"

"A'a, Inna, tsari ne na littafi."

"To littahin shi zo shi taya ki hira. Ni gwiwata ba ta tsayuwa."

Ta juya. Kafin ta kai ƙofa na riga na warware tabarma, har da gizo-gizo a ciki.

Bayan nan na gaya wa ƙanena. Ya yi dariya ya ce ai babin ƙarshe, wanda bai kai ba a lokacin, cewa ya yi a riƙe abu ɗaya a iya shi da kyau. Na ce masa, "Gobe in ka samo wani, ka faro mini daga baya."

Har yanzu ina sauraron karatunsa, ina ƙaruwa, kuma gabu kaɗai nake sayarwa. Inna ta rasu bara. Gefen da take zama a tabarmar ya fi ko'ina lotsawa, ban sake ta ba. Wani lokaci da hantsi, in gida ya yi tsit, kunnena na nan yana jiran silifar nan.