Baƙin Allo Ya Cinye Amshin Kawu

'Yan ajinmu, Malam Bulus ya cuce ni, kuma ba zan sakaya sunansa ba!

Jiya Kawuna ya zo daga Wasagu ganin likita. Shi kaɗai ya rage da ya san waƙar golmo ta ƙauyenmu, wato noman da samari ke yi wa surukai. Da ƙyar na lallashe shi zuwa ajin kwamfuta. Ya ce, "Sau ɗaya zan rera, ɗiyata, ƙirjina ba lafiya."

Yana rerawa ina bugawa a baƙin allon kwamfutar nan da muke koyo da shi. Waƙa a hagu, amshi a dama. Ni da na koyi baƙi da furfura a kai, sai ga yatsuna suna gudu! Muka gama, Kawu ya hau mota ya tafi.

Sai ga Malam, mai cewa kwamfuta ba ta mantuwa. Wai zai duba wani abu. Ya kama gefen allon ya tsuke shi, ya sake buɗewa. Jama'a! Rabin kowane layi ya tafi. Amshi kaf babu!

Na ce, "Malam, ina amshina?"

Ya ce, "Mama, kin adana?"

Na ce, "Ka koya mana?"

Ya sosa ƙeya. Wai, "Ai amshi kowa ya sani."

Na ce, "To, yi mini ɗaya." Sai ya hau tattara takardunsa, wai lokaci ya ƙure!

Yau da sassafe na tsaya ƙofar gidan Malam da 'yan kabu-kabu biyu da rikodar aro. Wasagu za mu. Shi zai durƙusa ya roƙi Kawu da bakinsa.