Ƙullin Inna da Salansar Yaya

Inna ta fi shekara ashirin tana sayar da bandar kifi a kasuwar Yelwa, kuma ban taɓa jin ta yi taƙama da yawan kwandunanta ba. Da ɗaurinta take taƙama. Can tungar masunta, bakin tafki wajen Wara, take zuwa da kanta ta zaɓi tarwaɗa ɗaya bayan ɗaya daga kan banda, ta jera a kwando, ta rufe da takardar siminti, ta ja igiya ta yi wani ƙulli nata mai kunne biyu. Daga nan ba ta sake buɗewa. Akwai wata Bayarabiya da ke hawowa daga kudu duk bayan mako biyu, ita ce babbar mai sayen Inna. Kwandon kowa sai ta sa an kwance, ta zura hannu har gindi, ta karya kifi ta sansana, ta taɓe baki. Na Inna kuwa ƙullin kawai take dubawa ta ce a loda. Ni a lokacin ina koyarwa a firamare, ranar kasuwa in an tashi daga makaranta nakan je in taya Inna zama, kuma na sha ganin yadda sauran mata ke kawar da kai in ana loda kayanmu a rufe.

Sai Yaya ya sayi mota.

Yayana ne, ɗan farin Inna, mutum ne mai tsayi da kyan tufafi wanda bai taɓa shiga wata sana'a ya fito ya ce laifinsa ne ba. Ya yi shagon cajin waya mai amfani da hasken rana, wai rana ta cuce shi. Ya yi kiwon kaji, kajin ne ba su da asali. Da ya samo wata tsohuwar a-kori-kura mai ja da ƙafa huɗu a hannun wani ɗan kwangila, sai ya ce daga yau Inna ta daina jiran motar haya, shi zai riƙa kai ta tunga ya dawo da ita da kayanta. Gaskiya kuma motar ba ta da laifi. Tana shiga yashi ta fito, tana tafiya a hankali ba hayaniya, har Inna kan yi gyangyaɗi a gaba. Wata uku aka yi haka lami lafiya, abin da bai taɓa faruwa ga wata harkar Yaya ba.

Da ruwa ya sauka, wata rana ya ɗauki hanyar Shanga zai kai wa wani shinkafa, ya ga kwari cike da taɓo wanda ko jaki zai tsaya ya yi tunani, shi kuwa ya danna ciki. Motar ta zauna. Manoma ne suka ajiye fartanya suka turo shi, suna dariya. Dariyar nan ita ta tsaya masa a rai, ba taɓon ba. Ya dawo gida yana cewa motar ba ta da ƙarfi, akwai abin da ke danne ta.

A garejin bayan tasha ya samu wanda zai faɗa masa abin da yake son ji. Wani bakanike ne mai zaƙin baki, ya kwanta ƙarƙashin motar, ya ƙwanƙwasa wata tukunya da ke tsakiyar salansa, ya fito yana girgiza kai kamar likitan da ya ga ciwon ajali. Yaya da kansa ya ba mu labarin, yana murna. Wai bakaniken ya ce, “Alhaji, wanga abu shi ka shaƙe ma mota wuya. Turawa sun sa shi don hanyoyinsu na kwalta. Nan daji muke, in ba a hidda shi ba, ba ta numhwashi.” Yaya bai taɓa zuwa Makka ba, amma da aka ce masa Alhaji sai ya ji duk sauran maganar gaskiya ce.

Abin da ke cikin tukunyar, bakanikai indomi suke ce masa, don ƙananan ramukansa sun yi kama da taliyar yara. Aikinsa shi ne ya tace hayaƙi kafin ya fito, ya rage masa guba da wari. Duk Yelwa kuma an san akwai masu bi gareji gareji suna sayensa da tsada, har ana sace shi daga motar mutum in ya yi sake. Yayana shi kaɗai ne a garin nan da ya kai nasa da ƙafarsa, ya tsaya aka yanke, ya bar wa bakaniken, ya kuma yi masa godiya don ya raba shi da shara.

Da ma a nan ya tsaya. Sai ya ce ai in zai ƙetare kwari ruwa na iya shiga ta bakin salansa, don haka ya sa mai walda ya cire tukunyar baya mai kashe ƙara, ya lanƙwaso bututu ya hawo da shi ta bayan kan motar, bakinsa na kallon baya, daidai saman inda ake ɗora kaya. Ya sa aka shafa masa fenti ja. Ranar da ya dawo da motar unguwarmu, awaki sun tsinke igiya, wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta fito tana salati. Shi kuwa ya sauko yana gyara hula ya ce, “Kun ji ta? Yanzu ta zan mota.”

Zuwansa tunga na farko da sabon bututun, motar ta yi wata irin tusa sau biyu kamar harbi, kuma shekarun nan ba wanda ke tsayawa tambaya in ya ji irin wannan. Mata suka bar wuta a banda suka nufi jiragen ruwa da gudu. Sai da Inna ta sauka ta bi su tana ba da haƙuri. Yaya ya ɗauki wannan ma a matsayin shaida, wai ƙarfi ke nan.

Wata Asabar na bi su. Damina ce, don haka da aka gama loda kwanduna Yaya ya ja tamfal ya rufe su ruf, ya ɗaure gefe da gefe, bakin bututun nan yana hura daidai ƙarƙashin leɓen tamfal ɗin. Awa uku muka yi a hanya, mota na gurnani a ƙaramar giya, ni da Inna ba ma jin maganar juna. Da muka isa kasuwa ya yaye tamfal, wani wari ya buge ni kamar an buɗe jarkar fetur a ɗaki. Na shafa takardar saman kwando, yatsana ya fito baƙi.

Na ce, “Yaya, hayaƙin motag ga cikin kihin Inna yaka shiga.”

Ya dube ni irin kallon da yake wa duk wanda ya yi makaranta. Ya ce, “Ke malama, kihin da yak kwana ukku bisa banda yana shan hayaƙi, shi ne hayaƙi za ya dama? Hayaƙi ai hayaƙi na. Ƙara mai ƙarko ma yaka yi.”

Na juya ga Inna na ce ta kwance ko guda ɗaya mu gani. A nan ne na yi kuskure, don da ban ce kwance ba, da ta saurare ni. Ta ce, “Ni in kwance ɗaurina tsakar kasuwa, mata na kallo? Mi za su ce?” Na yi shiru, kuma har yau ina jin haushin shirun nan fiye da yadda nake jin haushin Yaya, don shi ba a taɓa sa ran hankali daga gare shi ba.

Bayarabiyar ta ɗauki kaya sau biyu a haka, a rufe, ta duba ƙulli ta ce a loda. Zuwa na uku ina nan. Ta gaishe da Inna kamar kullum, ta tambayi gida da yara, ta zauna kan benci, ta daɗe tana gyara ɗankwali. Sannan ta ce, a hankali don kada na gefe su ji, “Mama, yau mu buɗe ɗaya.” Na gefe kuwa duk sun ji.

Inna ba ta bari kowa ya taɓa ba. Ta durƙusa da kanta, ƙullin ya ƙi, don ba a yi shi don a kwance ba, sai da ta sa haƙori. Matar ta ɗauki tarwaɗa daga sama, ta karya, ta sansana, ta miƙa wa Inna. Inna ta gutsura ta sa a baki. Na ga ta tauna sau biyu ta tsaya, kuma ba ta tofar ba, ta haɗiye. Matar ta ce can wajensu masu abinci sun dawo mata da kifi, sun ce miya na warin mai, kuma ta yi ta rantse musu cewa ba daga wannan hannun ba ne.

Yaya na tsaye jikin motarsa. Abin da ya iya cewa shi ne wataƙila matan tunga sun hura banda da kananzir. Ban taɓa raina ɗan Adam kamar yadda na raina shi a wannan lokacin ba, kuma uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya.

Daga baya ya sa an sauke bututun ba tare da ya ce wa kowa komai ba. Ya koma garejin neman indominsa, bakaniken ya ce ai tuni aka share. Motar ta ci gaba da wari da ihu, ƙarfin da aka yi masa alkawari kuma ban ga ranar da ya zo ba, don kafin kaka motar ta sake zama a wannan kwarin na hanyar Shanga. Inna ta koma motar haya.

Bayarabiyar ba ta daina saye ba, mutuniyar kirki ce. Sai dai daga ranar nan kwandon Inna ma kwance shi take sa a yi, ta zura hannu har gindi, kamar na kowa. Bayan wasu makonni na je taya Inna sauke kaya, na kai hannu zan kama kunnen igiya kamar yadda na saba, ban same shi ba. Ɗauri ne na zarge, irin wanda ake ja sau ɗaya ya warware. Na dube ta. Ta ce, “Tunda buɗewa za a yi, kar in wahal da baƙuwa.”